Ɗakin da Kujeru Ke Kwana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban wannan taro, wanda ya haƙura da surutunmu tun safe. Shugabar ƙungiyar mazauna layinmu da mataimakanta. Shugaban makarantar da ya ba mu aron wannan aji da bencinansa. Malamarmu ta ajin manya, wadda take can kusa da taga tana yi mini alama wai in ɗaga murya. Dattawanmu maza da mata. Maƙwabtana na dama da na hagu. Matasan da ke tsaye a bakin ƙofa saboda wurin zama ya ƙare. Jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku gaisuwar girma, ina yi muku barka da zuwa, Allah Ya sa mun taru a sa'a.

Ina godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga shugabanni da suka sa sunana cikin masu magana, ina kuma godiya gare ku da kuka bar aiki da kasuwa kuka zo. Idan kun ga ina bin takarda da yatsa ku yi mini haƙuri, da girmana na koyi karatu, har yanzu ni da doguwar kalma sai mun yi sallama kafin mu gaisa.

Tun daga bakin ƙofa ake tare ni ana tambayar mutanen gida, to bari in amsa wa kowa a lokaci guda. Kaka, wato mahaifiyar maigidana, tana nan lafiya in ban da gwiwa. Bakinta kuwa babu abin da ya same shi. Yaran nan uku maza ƙalau suke, tarin da ya kama Auta ya tafi, sai cin abinci kamar an aiko su. Baban yara, kamar yadda da yawanku kuka sani, yanar ido ta sa ya ajiye tuƙin motar kaya tun bara, an ce za a yi masa aiki, muna jiran layi ya zo kansa. 'Yata babba, wadda take koyon aikin jinya a wani gari, ta zo hutu. Jikinta lafiya, amma dariyarta ta ragu, kuma saboda ita na tsaya a gabanku yau. Ni ma lafiyata lau, sai dai zuciyar uwa, wadda in yaro ya ɗan makara a hanya ta riga ta kai shi asibiti ta dawo.

An ce in yi magana a kan tattalin abin hannu da sauƙaƙa wa kai rayuwa. Da aka faɗa mini sai na ce anya ba a yi kuskuren ƙofa ba? Ni mai wanki da guga ce, ban san harkar banki ba, ban taɓa riƙe kuɗin da zai sa in rasa inda zan ajiye shi ba. Amma akwai abu ɗaya da na gani da idona a cikin gidana, na kuma gan shi a gidajen wasu, shi zan kawo muku, a ƙarshe kuma ina da roƙo.

Magana ta farko, maganar ɗaki ce.

Mu bakwai ne a gidanmu, ɗaki biyu muke kwana. Amma akwai ɗaki na uku da muke biyan hayarsa daban, mai ƙofa ta bakin titi, shi muke kira falo. A cikinsa akwai kujerun kushin da ledarsu ta kanti har yau, akwai teburin gilashi, akwai labule mai nauyi, akwai agogon bango da ya tsaya ba mu san yaushe ba. Kullum a kulle yake. Makullin yana rataye a ƙusa a bayan ƙofarmu, kuma yarana sun san gara mutum ya fasa faranti da ya taɓa wannan makulli. An ce ɗakin baƙi ne. To amma idan abokan maigida suka zo, a benci suke zama a ƙofar gida, domin ya ce waɗannan ai ba baƙi ba ne, 'yan gida ne. Idan danginmu suka zo, kai tsaye suke wucewa wurin girki. Idan masu kawo mini wanki suka zo, a tsaye suke miƙo kaya su juya. Shekara da shekaru muna jiran wani babban baƙo wanda ya isa a cire wa leda, mu kanmu ba mu san ko wane ne ba.

Kwanakin baya sai ga waya, wai manajan wurin da maigida ya yi aiki zai zo duba shi. Gida ya ɗauki hidima. Aka sauko da makulli, na shiga da tsintsiya, Kaka ta biyo ni da sandarta, maigida yana dafe da bango a bayanmu. Wani wari ya fara yi mana maraba. Na ɗaga matashin doguwar kujera, sai ga wata uwar ɓera ta yage audugar ta yi shimfiɗa, ga 'ya'yanta jajaye ko ido ba su buɗe ba. Ta ɗago kai ta dube mu kamar mun shigo mata ba sallama.

Maigida ba ya gani sosai, sai tambaya yake yi: "Mene ne? Me kuka gani kuka yi shiru?"

Kaka ta ce, "Baƙuwarka ce ta sauka, har ta haihu. Matso ka yi mata barka."

Ya ce, "Wace baƙuwa kuma, Inna?"

Ta ce, "Wadda kake biya wa haya mana. Ni da na haife ka ina kwana da ƙafar Auta a bakina, ita kuwa an ba ta kujerar mutum uku, ga labule, ga agogo. Da na san haka ne da tuni na fito da wutsiya."

Ya yi dariya har da hawaye, mu ma muka yi. Daga baya kuma ya daɗe yana shafa hannun kujerar. Manaja bai samu zuwa ba, tafiya ta taso masa, ya yi gaisuwa ta waya. Ban ga laifinsa ba, mutum ne mai hidima da yawa.

Magana ta biyu, maganar 'yata ce, kuma ita ce ta fi ci mini rai.

Tun da maigida ya ajiye tuƙi, dutsen guga ne yake ɗauke da gidanmu. Mun rage abin da za a iya ragewa. Mun rage mai a miya, mun rage sabulu, takalmin babba yana sauka ga ƙarami har sai ya buɗe baki. Ba kuka nake muku ba, kusan kowa a nan haka yake yi. Amma karatun jinya yana da nasa cikin: ga wurin kwana, ga kuɗin mota, ga littattafai, ga fararen kaya. Shekara ɗaya ta rage mata ta gama. Da ta zo hutun nan ta leƙa tukunya, ta dubi ƙafafun ƙannenta. Sai wata rana ta same ni a kan guga, ta ɗauki riga tana ninkewa ba tare da ta kalle ni ba.

Ta ce, "Mama, mai kantin magani na bakin kasuwa yana neman yarinyar shago. Na yi masa magana."

Na ce, "Kin yi masa magana a kan wa?"

Ta ce, "A kaina. Zan ɗan tsaya da karatun, in Baba ya warke sai in koma. Makaranta ai ba guduwa za ta yi ba."

Na ce, "Ita ba ta guduwa, 'yar nan, amma wanda ya bar ta ba ya cika komawa da wuri. Ni ma cewa aka yi in ɗan tsaya, sai da na haifi huɗu na sake zama a aji."

Ta ce, "To Mama, me za mu ci? Takarda?"

Sai ƙauri na ji, saura kaɗan in ƙone wuyan rigar mutane.

Jama'a, ku ji abin da ya tsaya mini a wuya. Abin da muke biya duk wata domin kujeru su kwana, kusan shi ne abin da yarinyar nan take bukata duk wata domin ta zauna a makaranta. Ba sai na ci bashi ba, ba sai na roƙi kowa ba, ba sai na ƙara rage wa yara loma ba. Makulli kawai zan mayar wa mai gidan haya.

Na je na sami maigida da maganar. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kin san abin da ya rage mini? Mota ta tafi, ido ya tafi. In ɗakin nan ya tafi, ranar da mutum ya zo wurina, a ina zan ce ya zauna? A kan kwandon wanki?"

Ina roƙonku kada kowa ya ga baƙinsa. Kujerun nan da guminsa ya saye su, shi ya ɗauko su a motarsa, shi ya shigar da su da kafaɗarsa, a lokacin da yake da ƙarfi da ido da albashi. Mutumin da ya saba fita kullum ya dawo da leda a hannu, yau yana zaune yana jin motsin kowa yana fita, ba kujera yake riƙewa ba, mutuncinsa yake riƙewa. Na fahimci haka, shi ya sa ban ja da shi ba. Washegari da kansa ya kira ni. Ya ce, "Likitata ba za ta tsaya a bayan kantar shago ba." Haka yake kiran 'yar tamu tun tana ƙarama. Ya ce, "Samo mini inda zan karɓi baƙo ba tare da na sunkuyar da kai ba, ko da ba nawa ni kaɗai ba ne. In kin samu, ki mayar da makullin."

Magana ta uku, ba mu kaɗai ba ne.

Sana'ata tana shigar da ni gidaje da yawa a layin nan. Ba tonon asiri na zo yi ba, abin da na gani a gidan mutum a gidansa nake barinsa. Amma zan faɗi abin da kowa ya sani. Akwai gidajen da yara suke aikin makaranta a kan gado, littafi a gwiwa, alhali ga ɗaki guda da tebur a kulle. Akwai gidajen da tsoho yake kwana da jikoki cikin zafi, alhali ɗakin da ya fi iska an bar wa labule. Kuma ba falo kaɗai ba. Kusan kowane gida da ƙatuwar tukunyarsa da ake ɗorawa sau ɗaya a shekara, kowane gida da tsaninsa, kowane gida da kujerun roba an jibge a lungu suna shan rana har su dagargaje. Mun saya, mun ajiye, muna biyan wurin ajiya, muna sharewa, muna gadi.

Don me? Ni dai na tambayi kaina, na kuma tambayi maƙwabciyata matar makaniki, wadda ta yarda in faɗi wannan a gabanku. Na ce mata, "Ni fa wallahi rabin abin da ya sa nake riƙe da falon nan, don kada ki ce ba ni da shi ne."

Ta saki tsintsiya ta riƙe baki. Ta ce, "Ke! Ni da nake riƙe da nawa saboda ke? Ranar da kuka sauke kujerunku ban bar mutumin nan ya sha ruwa ba sai da ya sayo mana."

Na ce, "Ashe ke ce kike sa ni biyan haya."

Ta ce, "Ke dai Allah Ya isa tsakanina da ke, shekara nawa ina goge teburin da ko shayi ba a taɓa ɗora masa ba!"

Muka yi ta dariya har mijinta ya leƙo daga ƙarƙashin mota yana tambaya ko lafiya.

Iyayena da 'yan'uwana, abin da na koya ke nan. Idan aka ce tattali, tukunya muke fara dubawa, sabulu muke fara dubawa, bakin yara muke fara dubawa. Waɗannan mun matse su har sun daina ɗiga. Amma akwai abin da muke ciyarwa duk wata alhali ba shi da baki, ba shi da ciki, ba ya gaishe mu da safe, ba zai yi mana jinya ba ranar da muka kwanta. Muna ciyar da shi ne saboda idon maƙwabci, shi kuma maƙwabcin yana ciyar da nasa saboda idonmu. Mai rowa yana hana mutum don kaya su zauna. Mai tattali yana sallamar kaya don mutum ya samu. Ni ba rowa nake kira a yi ba, kuma ba cewa nake a daina karrama baƙo ba. Baƙo yana da hakki, kuma layin nan bai taɓa barin baƙo a tsaye ba. Cewa nake, baƙon da yake zuwa jefi-jefi bai bukaci ɗaki a kowane gida ba.

Magana ta huɗu, ita ce roƙona.

Ina roƙon wannan ƙungiya ta karɓi ɗakin nan ya zama ɗakin baƙi na layi gaba ɗaya. Ƙofarsa ta bakin titi take, ba sai an ratsa gidan kowa ba. Kujerun mun ba da su kyauta, mai gyaran kushin ya riga ya duba ya ce ɓarnar ba ta kai ƙashi ba. Idan gidaje da yawa suka raba hayar, abin da zai faɗo kan kowane gida ba zai kai kuɗin katin wayar da muke ƙonawa a gaisuwa ba. Wanda ya yi baƙo, ya karɓi makulli, ya shiga da baƙonsa, ya zauna a matsayin maigida, babu mai ce masa aro ya yi, domin da kuɗinsa a ciki. A lungu ɗaya kuma mu tara manyan tukwane da tsani da kujerun roba, wanda ya bukata ya ɗauka ya dawo da su. Daga nan kowa ya ga yadda zai yi da nasa falon. Mai so ya mayar ya huta da haya, mai so ya shigar da yara su miƙe ƙafa, mai so ya buɗe sana'a. Wanda kuma yake son nasa yadda yake, babu dole, babu gori, Allah Ya sanya albarka.

Na san akwai tambayoyi, domin ni kaina na fi kowa iya hango matsala. Wa zai riƙe makulli? Ina ganin a bar shi wurin mai shagon da ke kallon ɗakin, tunda shi ba ya zuwa ko'ina, kamar an ɗaure shi a shagon. Wa zai share? Wanda ya shiga ya bar shi yadda ya same shi, ni kuma na ɗauki wankin labule. Idan baƙi biyu suka zo rana ɗaya fa? Jama'a, mu da muka shekara muna jiran guda ɗaya, in Allah Ya kawo biyu ai sai mu gode, wanda ya riga ya shiga, na biyu a ba shi ruwa ya ɗan jira. Idan aka yi faɗa fa? Za a yi. Mun yi faɗa a kan famfo, mun yi faɗa a kan kwata, ga mu nan zaune a benci ɗaya. Wani dattijo ya tambaye ni, idan baƙo ya gane ɗakin na kowa ne fa? Na ce Baba, sai ya koma garinsu ya ce ya je wani layi inda mutane suka haɗa kai har ɗakin baƙonsu ɗaya ne. Ni ban ga abin kunya a nan ba.

Kuma ban zo hannu wofi ba. Matar makaniki da mijinta sun amsa. Tela ya amsa, har ya fara auna inda zai kafa keke na biyu a nasa falon. Malamarmu ta amsa, ta ce in ɗakin babu baƙo, yara su riƙa zama a ciki suna karatu da rana, kujeru su san nauyin mutum. Gida uku ba za su iya ɗauka ba, amma gida uku sun nuna mini cewa ba ni kaɗai nake wannan tunani ba, kuma tun daga ranar numfashina ya fara sauka.

Ga inda lokaci ya matse ni. Wani mai aski ya ji muna shirin sakin ɗakin, yana son sa. Mai gidan haya, Allah Ya saka masa, ya ce ya fi son ya ba ƙungiya, amma ba zai jira ya wuce ƙarshen wata ba. Mai kantin magani shi ma yana jiran amsar 'yata, makarantarsu kuma a makon ƙarshen watan ne za a koma. Idan kun ce a'a, ba zan yi fushi da kowa ba, za mu ci gaba da gaisawa kamar kullum. Amma gaskiya zan faɗa muku: ba zan iya fizge makullin nan daga hannun mutumin da ba ya gani ba, kuma yarinyar nan na san halinta, za ta ɗaura ɗankwali ta tafi kanti. Idan kun ce e, baban yara ya sami inda zai karɓi baƙo, ita kuma ta hau mota ta koma aji.

Saboda haka ina roƙonku, kada ku amsa mini yanzu cikin kunyar ido. Ku koma gida, ku sauko da makulli, ku buɗe ɗakin, ku tsaya a tsakiyarsa ku tambayi kanku yaushe rabon da mutum ya zauna a nan. Miji ya yi shawara da mata, mata ta yi shawara da miji, a tambayi tsofaffi, a tambayi yaran da suke kwana a matse. Sannan kowane gida ya kai amsarsa wurin shugabar ƙungiya kafin Larabar ƙarshen watan nan. Ko e ko a'a, don Allah kada ta wuce Laraba, domin ranar Alhamis motar su 'yata take tashi.

'Yar tawa ba ta san na zo da wannan magana nan ba, tana gida tana sa wa babanta maganin ido. Jakar tafiyarta zif ɗinta ya lalace, ta tura ta ƙarƙashin gado ta ce ba sauran amfani. Jiya na zaro ta a ɓoye na kai wa mai gyara. Ya ce in zo ranar Talata in karɓa, na kuwa biya shi tun kafin ya fara.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Allah Ya sanya albarka a cikin kaɗan ɗinmu, Ya hore mana wadatar zuci, Ya raba mu da wahalar da muke ɗora wa kanmu saboda idon mutane. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya buɗe idon wanda idonsa ya rufe, Ya ƙara wa tsofaffinmu ƙarfin gwiwa. Allah Ya raya mana zuri'a, wanda ya fara karatu Ya nufe shi da gamawa, wanda yake neman sana'a Ya buɗa masa. Allah Ya saka wa shugabanninmu da alheri, Ya bar mu tare cikin zumunci, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.